Biyetnam: ƙasar da ba a zuba wa mai rai shinkafa sau ɗaya

A gidajen Biyetnam da yawa, musamman a arewacin ƙasar, idan uwar gida ta karɓi ɗan kwanonka don ta zuba maka shinkafa, ba ta ɗiba sau ɗaya ta miƙo maka. Ko da ɗiban farko ya ishe ka, sai ta ƙara ɗan kaɗan bisa. Baƙo zai ɗauka karamci ne kurum. Karamcin yana nan, amma dalilin ya wuce shi: zubi ɗaya na mamaci ne. Irinsa ake ajiyewa gaban hoton wanda ya rasu, kusa da turaren wuta. Miƙa wa mai numfashi zubi ɗaya tamkar yi masa fatan mutuwa ne. Haka kuma ba a danna shinkafa a kwano ta yi tudu kamar malmala, don wannan ma fasalin kwanon jana'iza ne.

Wanda ya bi ladubban cin abinci na wannan ƙasa mai mutane sama da miliyan 100 ɗaya bayan ɗaya, zai ga kusan dukansu daga rijiya biyu suke shan ruwa. Ta farko, a wurinsu matattu ba su bar gida ba. Ana ba su abinci, ana kiransu ga buki, don haka dole a bambanta cin mai rai da cin mamaci. Ta biyu, tukunya ɗaya ce, bakuna da yawa, kuma ƙasar ta san yunwa irin wadda ke kada mutane a bakin hanya. Wanda ya riƙe waɗannan biyun ba sai ya haddace jerin dokoki hamsin ɗin nan da ke yawo a Facebook ɗin ƴan ƙasar ba, wanda su kansu suke gardama a kansa.

Biyetnam ba ta yi mana nisan da taswira ke nunawa ba. Faransa ce ta mulke ta kamar yadda ta mulki Nijar, kuma a yaƙin Indocin na 1946 zuwa 1954 ta kwashi sojoji daga Afirka ta Yamma ta kai can. Marigayi Janar Seyni Kountché na cikin waɗanda suka yi aikin soja a Indocin yana matashi. Ranar 20 ga Maris 1970, da aka rattaba hannu a Yamai kan yarjejeniyar da ta zama tushen ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, Biyetnam ta Kudu na cikin masu sa hannu, kuma birnin Hanoi ya karɓi taron ƙolin ƙungiyar a 1997. Yau ƙasar na sahun gaba wajen sayar da shinkafa a duniya, da sama da tan miliyan 8 a 2023, kuma Gana da Kodebuwa na cikin manyan masu saye a Afirka. Ɗan kasuwa ko ɗalibin da ƙafa ta kai shi can ba zai daɗe ba za a ce masa ya zo a ci abinci. A nan ne ake auna shi, tun kafin a zo maganar farashi.

Tire ɗaya a tsakiya

A harshensu, cin abinci da cin shinkafa magana ɗaya ce, ăn cơm. Har gaisuwa ce: maƙwabci zai tambaye ka ko ka ci shinkafa, ba don yana shirin ba ka ba. Abincin gida ana jera shi bisa wani babban tire mai zagaye da ake kira mâm, da can na itace ko na tagulla, yanzu galibi na sanholo. A ƙauye ana ɗora shi kan tabarma ko kan gadon katako, a birni kan tebur. Ba a kawo abinci kashi-kashi irin na Turawa. Komai lokaci guda yake zuwa: romon ganye, dafaffen ganye ko soyayye, kifi ko nama da ya ji gishiri, da ƙananan gauta da aka tsima cikin ruwan gishiri. A tsakiyar tiren akwai ɗan kwano ɗaya na nước mắm, ruwan ƙananan kifaye da ake jerawa da gishiri cikin manyan gangunan katako su yi wata da watanni suna tsimuwa. Na tsibirin Phú Quốc da na garin Phan Thiết suka fi suna. Warinsa kan kori baƙo a ranar farko, amma wanda ya tashi da daddawa ba shi da bakin yi wa wani gori. Kowa cikin wannan kwano ɗaya yake tsoma lomarsa.

Kowane mutum na da ɗan kwanonsa, wanda bai wuce cikin tafin hannu ba, da ƴan sanduna biyu na cin abinci, đũa. Wannan harafin mai gicciye, đ, kusan kamar ɗ ɗinmu ake furta shi, don haka Bahaushe ya fi Bafaranshe sauƙin faɗarsa. Ba wuƙa a tire, an riga an yanyanka komai a madafa.

Dokokin sandunan duk na kare abincin tarayya ne. Abin da ka ɗauko daga tire, ka fara sauke shi a kwanonka kafin ya je baki. Ba a tona faranti ana neman tsoka mai kyau. Ido ke zaɓe, sannan hannu ya tafi sau ɗaya, kuma abin da sandarka ta taɓa ya zama naka. Lomar da ka gatsa ba ta komawa cikin ruwan kifin. Ba a tsotsar sanda, ba a nuna mutum da ita, ba a tsoma ta cikin romon jama'a, akwai ludayi. Idan za ka ɗauko wa wani, sai ka juya sandunan ka yi amfani da ƙarshen da bai taɓa bakinka ba. Kwanon shinkafa kuwa ɗaga shi ake yi zuwa baki. Barinsa ƙasa ka sunkuya a kansa lalaci ne. Hannun hagu ba shi da laifin da yake da shi a wurinmu. Abin da ake dubawa shi ne hannu biyu: da su ake karɓa daga babba, da su ake miƙa masa.

Ƙarami ke gayyatar babba

Kafin kowa ya ɗaga sanda, akwai mời, wato gayyata. Yaro zai fara da kakansa da kakarsa, sannan uba da uwa, sannan yayye, yana kiran kowa da matsayinsa yana cewa ya gayyace shi cin shinkafa. Autan babban gida kan ɗauki lokaci yana zagaye, abinci na hucewa. Babba ba ya mayar da irin wannan gayyatar. Iyakarsa ya ce yara su ci, ya ɗaga sandunansa, shi ne izini. A arewa, a Hanoi da ƙauyukan bakin Jan Kogi, abin na da ƙarfi har yau, kuma yaron da ya fara ci bai yi ba, iyayensa ake zagi. A kudu, a birnin Ho Ci Min da yankin kogin Mekong, an fi sakin jiki. Kalma ɗaya ga kowa da kowa ta wadatar, wani gidan ma ba a yi. Ɗiyar kudu da ta auri ɗan arewa takan sha wuya a makon farko a gidan surukai saboda wannan kaɗai.

Akwai kuma gayyatar fatar baki. Idan ka shigo gida ka tarar ana ci, za a ce ka zo a ci, kamar bisimillar da muke yi wa mai wucewa. Ana sa ran ka yi godiya ka ce ka riga ka ci. Sai an nace, an tashi an ɗauko maka kwano da sanduna, sannan ka san da gaske ake.

Gayyatar ba ta yiwuwa sai ka san matsayin kowa, domin harshen ba shi da «kai» ko «ke» da ake ce wa kowa. Da sunan dangantaka ake kiran mutum ko ba a haɗa jini ba: anh ga wanda ya ɗan girme ka, chị ga mace irinsa, em ga ƙane ko ƙanwa, cô da chú ga sa'annin ƙannen iyaye, bác ga wanda ya girmi mahaifinka, ông da bà ga sa'annin kakanni. Shi ya sa daga haɗuwa za a tambaye ka shekarar haihuwarka. Ba shisshigi ba ne, neman inda za a ajiye ka ake yi.

Ƙananan gida su ne ke rabon sanduna, kuma sai sun gwada kowane biyu sun ga tsawonsu ɗaya. Sanduna biyu da ba su yi daidai ba habaici ne da ake yi wa miji da matar da ba su dace da juna ba, don haka ba a ba baƙo irinsu.

Tukunyar shinkafa ba ta hawa tire, a gefe take. Wurin zaman da ke kusa da ita, wanda suke kira kan tukunya, na uwar gida ne, ko babbar ɗiya, ko matar ɗa. Aiki ne babba da ba a biyansa. Mai wannan wuri tana ci a hankali, idonta na kan kwanon kowa, ta ajiye nata ta karɓi na wanda ya ƙare kafin ya roƙa. Tana lissafin abin da ya rage a tukunya, kuma idan akwai baƙo ba za ta bari ya ji ƙarar kankare gindi ba. Idan shinkafar ta yi ƙasa, ita ce ta farkon cewa ta ƙoshi. Suna da karin magana da kowane yaro ya sani, ma'anarta: in za ka ci ka dubi tukunya, in za ka zauna ka dubi inda ka fuskanta. Rabin farko na nufin kada ka miƙa kwano karo na uku ba ka san ko wasu sun samu na biyu ba. Rabi na biyu na nufin kada ka zauna sama da manya, kada kuma ka juya wa teburin kakanni baya.

Rabon waɗanda suka tafi

Wannan tebur yana kusan kowane gida, na mai bin addinin Buda, na wanda ya ce ba shi da addini, har da gidajen Katolika da yawa. Yana wuri mafi daraja a ɗaki, da hotunan waɗanda suka rasu, da furanni, da ƴaƴan itace, da kwano cike da toka da ake soka turaren tsinke a ciki. Ranar tunawa da rasuwar mutum, giỗ, ta fi ranar haihuwarsa muhimmanci nesa ba kusa ba. Kowace shekara dangi na taruwa, a dafa abin da mamacin ke so yana raye, a jera masa bisa teburin, a kunna turare, a gayyace shi kamar yadda ake gayyatar mai rai. Sai turaren ya cinye ake sauko da abincin jama'a su ci. Idan an yi sabuwar rasuwa, ana zuba wa mamacin shinkafarsa a kowane cin abinci har kwana 49, wasu gidajen har 100.

A jana'izar gargajiya ana haɗa kwano biyu na shinkafa a danna su su zama dunƙule ɗaya, a sa dafaffen ƙwai, a soka sanduna biyu da aka fere kawunansu suka yi buzu-buzu, a ɗora bisa akwatin gawa. Wanda ya taɓa ganin wannan ba ya buƙatar a yi masa bayanin babban hanin da ya fi kowane: kada ka soka sandunanka a tsaye cikin shinkafa. Baƙon da bai saba ba yakan yi haka ba da nufin komai ba, don ya samu hannun ɗaukar ruwa. A idon tsohuwar gida, ya kafa turaren mamaci a tsakiyar abincin iyalinta. Ba za ta yi masa faɗa ba. Wani zai miƙo hannu a hankali ya cire su ya kwantar. Wurin ajiye sanduna shi ne gefen tire ko bisa bakin kwano, a kwance, a jere, ba a gicciye ba.

Miƙa loma daga sanda zuwa sanda ma ba a so. Bayanin da aka fi bayarwa shi ne yana tuno da tsince ƙasusuwa bayan ƙona gawa, kodayake wannan camfin ya fi ƙarfi a Japan. Idan aka miƙo maka abu, kwanonka za ka tara.

Sai ƙwanƙwasa kwano da sanda, abin da yara ke so. Iyaye kan ce aikin mabarata ne, kuma yana kiran fatalwa masu yunwa. A imaninsu, wanda ya mutu ba shi da mai zuba masa shinkafa, ko ya mutu nesa da gida ba a ga gawarsa ba, ruhinsa na yawo da yunwa, ƙarar kwano kuma ita ce ke jawo shi. A wata na bakwai na kalandar wata ana fitar musu da kunun shinkafa mai ruwa-ruwa, da gishiri, da ɗanyar shinkafa a ƙofar gida, a waje, don kada su shigo. Mutum zai iya yin murmushi ya ce camfi ne, amma ya tuna ƙasar da ake magana. A 1995 gwamnatin Hanoi ta ce yaƙin da aka yi da Amurka ya ci fararen hula kusan miliyan 2 da mayaƙanta miliyan 1.1, kuma har yau akwai dubban ɗaruruwan sojoji da ba a gano gawarsu ba ko ba a san sunan da ke kabarinsu ba. Mamacin da ba shi da mai ciyar da shi, a gidaje da yawa, kawu ne ko yaya da ya tafi bai dawo ba.

Masunta na da nasu. Ƙasar na da gaɓar teku mai tsawon kilomita 3,260, kuma a garuruwan bakin ruwa ba a juya kifi a faranti. Idan an cinye gefe ɗaya, ƙashin tsakiya ake ɗagawa a ci na ƙasa. Juya kifi kifar da kwale-kwale ne, alhali wani na gidan yana kan ruwa.

Ƙwayar shinkafa ba ta zama a kwano

Daga ƙarshen 1944 zuwa tsakiyar 1945 yunwa ta faɗa wa arewacin Biyetnam. Sojojin Japan da suka mamaye ƙasar sun tilasta wa manoma shuka ramar buhu a gonakin abinci, su da hukumar Faransa suna karɓar shinkafa da ƙarfi suna tarawa. Ruwan bama-baman Amurka ya katse hanyar jirgin ƙasa da ta teku da ke kawo shinkafar kudu, ga guguwa da ambaliya. Ƙiyasin waɗanda suka mutu ya kama daga 400,000 zuwa miliyan 2, kuma Ho Ci Min ya ambaci sama da miliyan biyu a jawabin shelar ƴancin kai na ranar 2 ga Satumba 1945. Ɗaliban sakandare na karanta gajeren labarin Kim Lân mai suna Vợ nhặt, na wani talaka da ya samu mata a cikin wannan yunwa saboda ƴan kwanonin abinci da ya saya mata, kuma cin farko na amarya a gidan miji ya ƙare da kunun dusa.

Bayan yaƙi ma ba a huta ba. Har zuwa sauye-sauyen tattalin arziki na 1986, da littafin rabo ake samun shinkafa a shagon gwamnati, ana haɗa ta da rogo ko dankali don ta kai. Sai a 1989 ƙasar ta koma fitar da ita waje. Har yau idan mutum ya ɓata fuska sai a ce kamar wanda littafin shinkafarsa ya ɓata. Kakannin da ke zaune a kan tire yau su ne suka yi wannan layin da asuba. Suna kiran shinkafa lu'ulu'un sama, kuma yaro ba ya tashi ya bar ƙwaya a kwano. Daga nan ne kuma ladabin barin loma mai kyau ga tsoho da ƙaramin yaro ya fito. Wani abin da ya burge ni shi ne hana yi wa mutum faɗa yana ci. Suna cewa ko aradu takan jira mutum ya gama lomarsa. Uban da ke da magana da ɗansa sai ya haɗiye ta har a kwashe tire.

Inda abinci ya yi kaɗan, rabonsa kan zama ma'aunin daraja, kuma wannan ɓangaren ba shi da kyawun gani. A bukukuwan ƙauyen da, a zauren taron gari, wurin zaman mutum da yankin naman da aka ba shi su ne shaidar matsayinsa, har ana cewa loma ɗaya a tsakiyar gari ta fi kwando a lungun madafa. Marubuci Ngô Tất Tố ya caccaki wannan a jerin rahotanninsa na 1940 mai suna Việc làng, inda ya nuna talakawa na cin bashi don su yi wa gari walima, da gwanin da ke yanka kaza ɗaya gutsi-gutsi ta zagaye taro guda. Ragowar wannan tsari shi ne abin da suke kira tiren sama da tiren ƙasa. A bukin gida, dattawa da maza na zama a ɗakin gaba kusa da teburin kakanni, mata da yara a baya ko a madafa. Matan da suka tashi tun duhu suka dafa, su ne na ƙarshen ci, su ne kuma masu wanke-wanke. Duk shekara idan bukin sabuwar shekara, Tết, ya gabato, jaridun ƙasar da shafukan zumunta kan cika da wannan gardama, kuma ƴan matan birni da yawa sun daina yin shiru. A ganina suna da gaskiya. Yawancin abin da baƙo ke gani ya yaba a kan tiren, mace ce ke biyan kuɗinsa da cikinta.

Abin da suna ya jawo wa abinci

Wasu hane-hanen wasa da kalmomi ne zalla, kuma matasa ma na bin su suna dariya. Ɗalibin da zai shiga jarrabawar ƙarshen sakandare, kwatankwacin bak a nan, ba ya cin ayaba, don ɓawonta na sa santsi, kalmar zamewa kuma ita ce ta faɗuwa jarrabawa. Ba ya cin ƙwai, don ya yi kama da sifiri. Ba ya cin kabewa, don sunanta, bí, na nufin maƙalewa. Uwa wake za ta dafa masa, galibi ja, cikin shinkafa mai danƙo, domin đậu na nufin wake, yana kuma nufin cin jarrabawa. A farkon wata da farkon shekara ana guje wa agwagwa, da mực, wata halittar teku mai fesa baƙin ruwa wadda sunanta ɗaya da tawada; wa zai buɗe wata da baƙi? A kudu ba a sa ayaba cikin ƴaƴan itacen da ake jerawa don Tết, saboda a lafazinsu sunanta ya yi kusa da kifawa da ka. A arewa kuwa ita ce ginshiƙin jerin.

Naman kare, wanda wasu ke ci musamman a arewa, shi ma ba a cin sa a farkon wata. Kasuwarsa na ja da baya a birane: a 2018 hukumomin Hanoi sun roƙi mazauna birnin su daina, a 2021 kuma garin Hội An ya yi alkawarin kawar da cinikin naman kare da na kyanwa.

A bakin titi ba ruwan kowa da yawancin dokokin nan. Kowa da kwanonsa, kan ƴar kujerar roba, ana zuƙar taliya. A watan Mayu 2016 Barack Obama da mai shirin talabijin Anthony Bourdain sun zauna kan irin waɗannan kujeru a wani ɗan gidan abinci na Hanoi suka ci na dala 6, kusan jikka uku da rabi na sefa. Masu gidan daga baya suka rufe teburin cikin gilashi. Doka ɗaya ce ke bin mutum har waje: wanda ya yi gayyata shi ke biya, kuma rabon kuɗi a gaban babba abin kunya ne.

Idan baƙon Musulmi ne

Abincin da Obama ya ci ran nan, bún chả, gasasshen naman alade ne. Alade shi ne naman da aka fi ci a ƙasar, kuma yana ɓoyewa inda ba a zato: cikin kitsen da ake soya albasa, cikin niƙaƙƙiyar hantar da ake shafa wa burodin bánh mì da suka gada daga Faransawa, cikin romon da wasu masu sayar da taliya ke haɗawa da ƙashinsa ko da naman saniya ne a sama. Sunansa thịt lợn a arewa, thịt heo a kudu. Maganar a yi ta tun lokacin gayyata, ba bayan uwar gida ta kwana tana aiki ba. Mai masauki a can da sandarsa yake ɗora maka abin da ya fi daraja a kwanonka, kuma mayar da shi ya fi ciwo a kan faɗa tun farko. Abin da ke taimako shi ne sun san ƙaurace wa abinci don addini. Mabiya Buda da yawa ba su cin nama ranar 1 da ranar 15 ga watan sama, kuma ko'ina akwai gidajen abinci masu alamar chay, inda ba nama ba kifi.

Haka batun abincin da aka sauko da shi daga teburin kakanni. A ranar giỗ kusan duk abin da ke tiren ya fara biyawa ta can, kuma ƴaƴan itacen da aka sauko da su ana ba baƙo a matsayin albarka. Wanda ba ya son ci saboda addininsa gara ya bayyana wa abokinsa kafin ranar, ya zo gaisuwa, ya sha shayi.

Giya ce ta fi wuya, domin a zaman maza na bayan aiki, nhậu, ake ƙulla ciniki da abota. Ana ƙirga ɗaya, biyu, uku a yi ihu tare a ɗaga kofi, wani ya ce «ɗari bisa ɗari», wato a shanye duka. Ƙarami kan sa bakin kofinsa ƙasa da na babba idan za su haɗa. Wanda bai sha ba zai iya yin duk wannan da shayi ko lemo, muddin ya faɗa tun zaman farko kuma bai taɓa kurɓa ba; wanda ya kurɓa sau ɗaya don kunya ya rasa hujja. Doka ma na bayansa: tun ranar 1 ga Janairu 2020 an haramta tilasta wa mutum shan giya, an kuma hana tuƙi ga wanda ya sha ko kaɗan ne.

Musulmi ba su kai kashi 1 cikin 100 na jama'ar ƙasar ba, yawancinsu ƴan ƙabilar Cam, ɗaya daga ƙabilu 54 da gwamnati ta lissafa. A Hanoi akwai masallacin Al-Noor a titin Hàng Lược, wanda fataken Indiya suka gina a ƙarshen ƙarni na 19. A Ho Ci Min akwai babban masallacin titin Đông Du na 1935, da gidajen abincin halal kewaye da shi da kuma kusa da kasuwar Bến Thành. A ƙauyukan Cam na wajen Châu Đốc, kusa da iyakar Kambodiya, ana yin tsiran-hanji na naman saniya da ake kira tung lò mò, kuma a al'adarsu da hannun dama ake ci, ba da sanduna ba.

Saura yadda ake tashi. Tunda barin shinkafa laifi ne, kwano wayam kuma kira ne ga mai kan tukunya ta ƙara, dabarar ita ce ka karɓi kaɗan tun farko, ka cinye tas, ka kwantar da sandunanka, ka rufe bakin kwanon da hannu idan an zo ƙari, ka ce ka ƙoshi. Za a nace sau ɗaya ko biyu. Idan ka riga manya gamawa, sai ka nemi izini ka ce su ci gaba. Daga nan yaran gida za su kawo wa manya tsinken sakace da hannu biyu, da koren shayi mai ɗaci a ƙananan kofuna, da ƴaƴan itace da aka fere aka yanka. Ana sakace da hannu ɗaya a rufe da baki. Baƙon da ya zo da leda ta mangwaro ko lemo daga kasuwa, a wannan lokacin ne zai ga an fito da tsarabarsa.